Wai masu addini ba sa zaɓen gwamna mai sassauci? Ku tambayi Katsina



Duk lokacin da zaɓen Najeriya ya matso, akwai wata magana da ke dawowa cikin wayoyinmu da fadodin shayi. Da an ambaci gwamnan da ke neman jam'iyyarsa ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, in dai mai sanyin hali ne, ba ya hawa mumbari yana kumfar baki, sai ka ji an yanke hukunci: "Wanga ba shi kai labari, mutanen masallaci ba su yi nai." Masu faɗin haka kashi biyu ne. Akwai ɗan siyasar da ya mayar da addini haja, yana so ka yarda cewa ƙuri'ar duk mai salla tana cikin aljihunsa. Akwai kuma ɗan bokon da ke kallon talaka mai riƙo da addini kamar tunkiya, wai duk inda aka kaɗa ta da wa'azi can za ta bi. Dukkansu raina mu suka yi, kuma abin da ya faru nan ƙofar gidanmu ya ƙaryata su.

Mu fara da maƙwabta. Tsakaninmu da Jibiya tafiya ce ta hantsi, Katsina kuwa gida ce, don kakannin sarakunan Maraɗi daga can suka fito. Umaru Musa Ƴar'aduwa ya riƙe jihar Katsina daga 1999 zuwa 2007. Malamin makaranta ne mai koyar da kimiyya, a ƙuruciyarsa ya bi tafiyar Malam Aminu Kano, mutum ne mai ƙarancin magana. Lokacin da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau cikin watan Oktoba 1999, Arewa duk ta ɗauka, ana ta matsa wa gwamnoni su bi sahu. Ƴar'aduwa bai yi gaggawa ba, har aka riƙa zarginsa da jan ƙafa. Katsina ta fara aiki da shari'a a watan Agusta 2000. A zamaninsa ne aka yi shari'ar nan ta Amina Lawal da duniya ta yi ta cece-kuce a kai, har kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a da ke Katsina ta sallame ta a watan Satumba 2003. Ƙarar ta bi matakanta cikin kotunan shari'a, gwamna bai mayar da ita gangar kamfe ba.

To, da maganar mutanen nan gaskiya ce, da siyasar Umaru ta mutu tun a nan. Me ya faru? An sake zaɓensa gwamna a 2003. A watan Disamba 2006, wurin zaɓen fidda gwani na PDP a Abuja, ya samu ƙuri'a 3,024, wanda ya bi masa, Rochas Okorocha, ya samu 372. A wannan watan dai Yarima, uban tafiyar shari'a, ya nemi tutar ANPP, amma ya janye aka bar wa Buhari. Da ya sake gwadawa a APC cikin 2022, ƙuri'a 4 ya samu. Huɗu, jama'a, ko yatsun hannu ɗaya ba su cika ba.

Na san abin da wani zai ce: ai Obasanjo ne ya ɗora Ƴar'aduwa, gwamnoni irin su Peter Odili janyewa suka yi. Haka ne, kuma a nan gizo ke saƙa. Zaɓen fidda gwani irin wannan, wa ma ya tambayi mutanen masallaci? Wakilan jam'iyya ne ƴan dubbai ake tarawa a filin wasa, kowane ayari da ubangidan da ya biya masa mota da masauki. Ku tuna Aminu Waziri Tambuwal, tsohon gwamnan Sakkwato, birnin Shehu. A Fatakwal cikin Oktoba 2018 ya samu 693, Atiku Abubakar ya samu 1,532. Jaridu sun yi ta ba da rahoton dalar da ta yi yawo a wurin, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Ba a ji wanda ya ce an kayar da Tambuwal don gemunsa bai kai ba. A 2022 ma, a tsakiyar taro ya tashi ya janye wa Atiku, Atiku ya samu 371, Nyesom Wike 237. Lissafin manya ne aka yi cikin dare. Saboda haka in mutum ya ce maka gwamna wane ba zai ci fidda gwani ba don masu addini sun ƙi shi, tambaye shi: su nawa ne a cikin ɗakin, kuma wa ya kai su?

Hujja mafi ƙarfi da masu wancan ra'ayi ke da ita ita ce Kano, kuma ba za mu tsallake ta ba. Rabi'u Musa Kwankwaso ya sha zargin cewa bai rungumi shari'a da hannu biyu ba, a 2003 kuma Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da shi. Wannan ya faru, kuma batun shari'a na cikin abin da ya jawo shi, tare da guguwar Buhari da ta ɗauki ANPP a shekarar. Sai dai labarin bai ƙare a nan ba. Shekarau ya yi shekara takwas, ya ƙarfafa Hisba, sannan a 2011 ya tsaya takarar shugaban ƙasa yana kan kujerar gwamna. A cikin Kanon da yake mulki, Buhari ya ninka shi sau uku. Duk ƙasar, ƙuri'unsa ba su cika miliyan ɗaya ba. Su biyun babu wanda ake tuhumar addininsa. Abin da ya raba gardama shi ne sunan da talakawa suka sa wa ɗaya daga cikinsu, Mai Gaskiya. A shekarar nan kuma Kanawa suka dawo da Kwankwason da aka ce sun tsana. Shi ne ya riƙa aurar da zawarawa ta hannun Hisba, ya zo na biyu a fidda gwanin APC na Disamba 2014 da ƙuri'a 974, gaba da Atiku mai 954, kuma a 2023 ya cinye Kano da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya. Mutanen dai su ne, masallatan su ne, malaman su ne.

Abin da na fahimta daga waɗannan alƙaluma shi ne, mai riƙo da addini yana da iyakar da ba ya yarda a ƙetare masa, amma iyakar ba ta nan inda ƴan kasuwar addini suke zana ta. Mu a Nijar mun san wurinta sarai. An yi shekara da shekaru ana kawo dokar iyali tana komawa inda ta fito. A 2006 majalisar dokokinmu ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo. A Nuwamba 2000 Maraɗi ta hargitse kan bikin nunin tufafi na FIMA, aka yi ƙone-ƙone da ɓarnar da babu mai hankalin da ke alfahari da ita. Wato in ka taɓa wa mutane aure da gado da tarbiyyar ƴaƴa, ka yi musu da izgili, ka nuna daga waje aka aiko ka, to ka gama da su. Amma shugaban da ke sallarsa ba tare da mai ɗaukar hoto ba, yana girmama malamai ba tare da ya saye su ba, yana kare Kirista da baƙo da ke zaune a garinsa, bai taɓa wannan iyaka ba ko kusa. Sanyin hali daban, raina addini daban. Masu haɗa su da gangan suke yi, don in an raba su hajarsu ba ta sayuwa.

Ku duba abin da ake tuna Ƴar'aduwa da shi yau, a bakin waɗanda ba sa wasa da sahun farko. Ya bayyana dukiyarsa a fili. Ya fito ya ce zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da kura-kurai, ya kafa kwamitin Mai shari'a Muhammadu Uwais don gyara. Ya sauko da kuɗin fetur har naira 65, abin da duk ɗan kabu-kabun Madarunfa na lokacin ya ji a aljihunsa. Ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009. Ya rasu ranar 5 ga Mayu 2010, Allah ya jiƙansa. Mulkinsa yana da nasa raunin, rashin lafiya ta ci rabinsa, amma har gobe in an ambace shi addu'a ke biyo baya. Amana aka gani a wurinsa, amana kuwa ai tsakiyar addini take.

Wani zai ce mu ina ruwanmu, ba mu jefa ƙuri'a a Najeriya, gwamnoninmu ma naɗa su ake yi. Ruwanmu har wuya. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Buharin da aka yi wa addu'a a masallatai shi ya rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ku tambayi ƴan kasuwar Ɗan Isa yadda suka ji. A 2023 an bi gida-gida da kirarin Musulmi da Musulmi, wasu malamai suka mayar da shi kamar farilla. Ranar rantsuwa, 29 ga Mayu, aka cire tallafin mai. Da takunkumin CEDEAO ya zo bayan 26 ga Yuli, gwamnatin nan ce ta yanke mana wutar lantarki ta rufe iyaka har farkon 2024. Tikitin addini bai kunna mana ko fitila ɗaya ba. Ƴan bindigar da ke tsallakowa su kwashe shanu da mutane a ƙauyukanmu na bakin iyaka, da ruwan Gulbi da ke biyowa ta madatsar Jibiya, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, duk suna rataye da irin mutumin da ke zaune a Abuja da Katsina.

Abu na biyu, mu ma ranarmu na zuwa. An rusa jam'iyyu a watan Maris 2025, amma ko ba jima ko ba daɗe za a sake buga gangar siyasa a ƙasar nan. Ranar za ku gan su, waɗanda ba a taɓa gani a sallar asuba ba, da carbi mai dubu da sabon rawani, suna raba sukari da azumi, suna raɗa muku cewa abokin takararsu ɗan boko ne mai sassauci. Kura ce da fatar akuya. Gari irin Madarunfa, mai kaburburan waliyyai 99 a gefen tafki, ba ɗan kamfe ne zai koya masa addini ba.

Ga malamanmu, Allah ya ƙara muku daraja, da ladabi muke roƙo: mumbari amana ce. Ku koya mana siffofin shugaba nagari, ku bar mu mu auna mutane da su. Ranar da malami ya ɗaga hannun ɗan takara, duk abin da ɗan takarar ya ci, da sunan malam za a haɗa a zaga, kuma yaran da ke ji ba za su iya raba malam da abin da yake karantarwa ba.

Ga matasa masu tura saƙon murya, kafin ka danna ka watsa cewa wane ba ya kishin addini, yi wa kanka tambayoyin da suka fi wannan wuya. Ya biya malaman makaranta albashi kan lokaci? Akwai magani a asibitin ƙauye? Da aka sace mutane, ya je ko ya aika? Abin da ya shiga da shi ofis da abin da ya fita da shi, an sani? Imanin zuciyarsa Allah ne masani, kai ba za ka iya gani ba, amma waɗannan kowa na iya bincikawa.

Wanda ke da hujjar da ta fi waɗannan alƙaluma, ƙofa a buɗe take, ya kawo ta da shekara da suna, ban da zagi. Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa a ɓoye da sarari, ya zaunar da Nijar da Najeriya lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.