Awa Nawa Ya Kamata Kare Ya Yi Cikin Keji?

A ƙasar Amurka akwai wata gardama wadda ta daɗe tsakanin masu kiwon karnuka, har yau kuwa ba ta mutu ba. Maigida da uwargida duka ma'aikata ne, sukan fita da ƙarfe takwas na safe, ba su komowa sai wajen ƙarfe shida na yamma, ga kuma kare a gida ba mai duba shi. Abin da da yawa daga cikinsu kan yi shi ne su sa shi cikin keji na waya ko na roba, su kulle, su kama hanyar ofis. To, awa nawa ya kamata dabbar nan ta yi a kulle kafin abin ya tashi daga tsaro ya zama zalunci? Mai karatu na iya cewa wannan damuwar Turawa ce. Amma wanda ya zaga unguwannin ma'aikata a Ikko, ko Abuja, ko Kaduna, ko Jos, ya san akwai gidaje masu yawa inda kare ke wuni cikin kejin ƙarfe a bayan gida, ba a sakinsa sai dare ya yi. Saboda haka maganar ta iso ƙofar gida.

Da farko ya kamata a san hujjar masu keji, domin ba mugunta ce ta sa suka ƙago shi ba. Kare ba ya son yin fitsari ko kashi a wurin da yake kwana, don haka idan aka sa ɗan kwikwiyo cikin keji na ɗan lokaci, sa'an nan aka fitar da shi waje, da sannu zai koyi inda ya kamata ya yi bukatarsa. Har wa yau keji yana hana shi tauna wayar lantarki, ko haɗiye abin da zai toshe masa hanji, ko yaga kujeru sa'ad da ba kowa a gida. Karen da ya saba da keji kuma ba ya firgita idan tafiya ta kama a mota ko jirgin sama, ko kuwa idan likitan dabbobi ya kwantar da shi bayan aiki. Duk waɗannan gaskiya ne. Masu keji sukan ƙara da cewa kare dabbar rami ce, watau yana son lungu mai duhu inda zai ɓuya. Ita ma wannan tana da gaskiya a ciki, sai dai ramin da karnukan daji ke haƙawa na haihuwa ne da renon 'ya'ya, kuma ba shi da ƙyaure balle kwaɗo. Dabbar takan shiga sa'ad da ta so, ta fita sa'ad da ta so.

Game da yawan awoyi kuwa, jikin karen ne ke faɗin iyaka, kuma abin yana tafiya da shekarunsa. Ƙa'idar da masu horar da karnuka ke bi ita ce ɗan kwikwiyo yana iya riƙe fitsari kamar awa ɗaya a kan kowane wata ɗaya na haihuwarsa. Watau mai wata biyu awa biyu, mai wata uku awa uku. Ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi na Amurka suna gargaɗin kada kwikwiyon da bai kai wata shida ba ya wuce awa 3 zuwa 4 a keji a zama ɗaya. Wanda ya kulle ɗan wata uku tun safe har yamma ya tilasta masa ya ɓata makwancinsa ya kwanta a ciki, da haka kuma ya rushe tarbiyyar da aka sayi kejin dominta. Babban kare mai lafiya yakan yi fitsari sau uku zuwa biyar a rana, likitoci kuma suna son ya sami damar fita a ƙalla kowace awa 6 zuwa 8. Tsohon kare, da mai ciwon ƙoda ko ciwon sukari, da karya mai ciki, ba su iya kai wannan.

Amma fa iya riƙe fitsari awa takwas ba shi ne ke nuna awa takwas daidai ba ne. Mutum ma yana iya daurewa a mota daga Kano zuwa Ikko, ba wanda zai so a ce kullum haka zai yi. A Ingila, ƙungiyar RSPCA, wadda aka kafa tun shekarar 1824 don hana cutar da dabbobi, tare da wasu ƙungiyoyi irinta, suna ba da shawarar kada a riƙa barin kare shi kaɗai fiye da awa huɗu, ko da ba a keji yake ba. Dalilinsu kuwa shi ne kare dabba ce mai son zama da jama'a, kaɗaici yana damunsa kamar yadda yunwa ke damunsa. An ga shaidar wannan a fili bayan annobar korona ta shekarar 2020. Mutane da yawa a Amurka da Turai sun ɗauki karnuka sa'ad da suke zaman gida, da aka koma ofisoshi sai karnukan nan, waɗanda ba su taɓa wuni su kaɗai ba, suka shiga haushi da kuka da yaga kaya, har wasu masu su suka rasa yadda za su yi da su.

Akwai wani ɗan lissafi da ya kamata kowane mai keji ya yi. Idan kare ya yi awa 9 a kulle da rana, sa'an nan da dare aka mai da shi ya yi awa 8, ya zama awa 17 ke nan cikin 24. Masu kare wannan al'ada sukan ce ai babban kare yakan yi barcin awa 12 zuwa 14 a rana, to, mene ne laifi in ya yi barcin a keji? Amsar ita ce kare ba ya yin barcinsa a dunƙule. Yakan yi gyangyaɗi, ya tashi ya miƙe, ya sha ruwa, ya sake wuri, ya bar rana ya koma inuwa, ya leƙa ya ga mai wucewa. Babban kejin da ake sayarwa don kare irin na Jamus bai cika murabba'in mita ɗaya ba. A ciki yana iya tsayawa, ya juya, ya kwanta, shi ke nan. Karen da ya daɗe a haka naman jikinsa yakan saki, gaɓoɓinsa su sage, wani ya riƙa lasar ƙafarsa har ta yi gyambo, wani kuwa ya riƙa cizon waya har haƙoransa su karye.

Wasu ƙasashe ba su bar maganar a hannun mai kare ba, sun sa ta cikin doka. A Suwidin an hana ajiye kare cikin rufaffen keji a gida, sai don tafiya, ko wurin gasa, ko wata lalura ta ɗan lokaci, kuma ƙa'idarsu ta ce a fita da kare a ƙalla kowace awa shida da rana. Finlan ma ba ta yarda da keji ba sai don tafiya, ko rashin lafiya, ko wani dalili na wucin gadi. A Jamus dokar karnuka ta shekarar 2001 ta auna faɗin ɗakin kare da girmansa: murabba'in mita 6 ga wanda tsayin kafaɗarsa bai wuce santimita 50 ba, 8 ga wanda ya kai har 65, sa'an nan 10 ga wanda ya fi haka. A Ingila da Wels dokar 2006 ta ɗora wa mai dabba nauyin ba ta wurin zama da ya dace, da abinci, da damar yin halinta na asali, da kiyaye ta daga ciwo da wahala. Abin da ake ɗauka al'ada a birnin Shikago, laifi ne a birnin Istokholm.

A ƙasar nan kuwa akwai abin da ya fi tsawon lokaci haɗari, watau zafi. A watan Afrilu zafin rana a Sakkwato da Maiduguri yakan wuce digiri 40. Kare ba ya gumi a jikinsa kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 ne zuwa 39, in ya haura 41 to rai yana cikin haɗari. Kejin ƙarfe mai rufin kwano da aka ajiye a filin siminti, da tsakar rana tanderu ne. Da safe yana cikin inuwar katanga, maigida ya fita hankalinsa kwance, bai san kafin azahar inuwar ta gusa ba. Kare mai nauyin kilo 30 yana bukatar ruwa kamar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, da bazara fiye da haka, ga shi kuwa in ya ture kwanon ruwansa da hantsi ba mai cika masa. Ma'aikacin da ya bar Mararaba ko Kubwa da asuba don gudun cunkoson motoci, bai komo ba sai bayan isha'i, awa goma sha huɗu ya bar dabbarsa a haka.

Har wa yau akwai wani zato da ya yaɗu, wai sai an kulle kare bai ga mutane ba sa'an nan zai yi zafin gadi. Lalle karen da aka tsare yakan yi faɗa, amma faɗan tsoro ne da ƙunci, ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maigida, ko almajirin da ya shigo ɗaukar tuwo, ko mai karanta mitar lantarki. Karen gadi na ƙwarai shi ne wanda ya san mutanen gida ɗaya-ɗaya, yana jin kiran mai shi, ya san iyakar gidan da yake tsaro. Wannan kuwa ba a koyonsa a bayan waya. Maharba da makiyaya sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa karensu ke bin su duk inda suka sa ƙafa.

Ga Musulmi ma maganar ba baƙuwa ba ce. Shari'a ta yarda a riƙe kare don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona, malamai da yawa kuma sun haɗa da tsaron gida in akwai bukata. Wanda ya riƙe shi kuwa, haƙƙinsa ya hau kansa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba, sashe na 495 na dokar laifuffuka ta jihohin Kudu ya tanadi ɗaurin wata shida ga mai cutar da dabba, dokar Arewa kuma ita ma ta haramta haka.

Kada wani ya ɗauka mafita ita ce a buɗe ƙofa a bar kare ya shiga gari. Karen yawo yana cizo, ana cizonsa, ta haka ciwon haukan kare ke yaɗuwa. Ciwon nan yana kashe mutane wajen 59,000 a duniya kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, yara kuma suna da yawa a cikinsu, kusan dukansu kuwa daga cizon kare ne. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da ƙyar ne a tsira. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin allurar rigakafinsa, kuma wajibi ne mai kare ya kai shi a yi masa. Rigakafi ya fi magani.

To, me ma'aikaci zai yi? Idan gidan yana da katanga, a keɓe wa kare wani sashe na tsakar gida da shinge, a yi masa rumfa mai inuwar da ba ta gushewa, a sa kwanon ruwa mai nauyi guda biyu, a bar kejin a buɗe ya zama ɗakin kwanansa. Idan a bene ake zaune, ɗaki guda da aka kwashe kayan haɗari ya fi keji nesa ba kusa ba. A zagaya da shi kamar rabin awa kafin a fita, a sake in an komo, domin karen da ya gaji shi ne mai barci. A roƙi maƙwabci, ko mai gadi, ko wani ɗan gida wanda karen ya sani, ya fitar da shi da tsakar rana. A Amurka da Ingila wannan ya zama sana'a, akwai masu zagaya da karnuka ana biyansu, a nan kuwa zumunci na iya yin abin da kuɗi ke yi a can. Kada kuma a mai da keji wurin horo, don in kare ya tsane shi amfaninsa ya ƙare.

Amsar tambayar dai ga ta. Kwikwiyo, awa ɗaya ga kowane wata, kada ya wuce awa huɗu. Babban kare, awa huɗu da rana ita ce iyaka mai kyau, shida kuwa in ta kama dole, sa'an nan lalle a fitar da shi. Wuni guda cur a kulle, kullum, ba shi da hujja ko ta wace fuska aka duba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda aikinsa ba zai bar shi ya cika wannan ba, kuma ba shi da mai taimaka masa, gara ya haƙura da kare, ya ƙara tsayin katanga ya ɗauki mai gadi.