Ra'ayinmu: A bar fili ya yi alƙalanci kafin a naɗa gwarazan ƙwallon jami'o'in Amurka

Duk watan Agusta, kafin a buga wasa ko guda, kamfanin dillancin labarai na AP yana fitar da jerin ƙungiyoyi 25 da yake ganin sun fi ƙarfi a gasar ƙwallon zari-ruga ta jami'o'in Amurka. Wannan ita ce ƙwallon da ake ɗauka a hannu a gudu da ita, wadda Amurkawa suka fi ƙauna, kuma daga jami'o'in ne babbar gasar NFL take ɗiban 'yan wasanta. 'Yan jarida fiye da 60 ne ke kaɗa ƙuri'ar da ake haɗa jerin da ita. AP ya fara wannan aiki a 1936, amma sai a 1950 ya soma fitar da na kafin a shiga kaka.

Matsayinmu shi ne jerin share fagen ya samu nauyin da bai cancanta ba, kuma waɗanda ke ɗanɗana kuɗarsa su ne ƙungiyoyi da matasan da ba su da suna.

Abin da ya faru a kakar 2004 ya isa misali. Jami'o'in USC da Oklahoma sun fara kakar a matsayi na ɗaya da na biyu. Auburn ta fara a na 17. Dukansu ukun sun kammala wasanninsu ba tare da an doke su ba, amma tsarin lokacin guri biyu kacal yake da shi a wasan ƙarshe, kuma ƙuri'un masu jera ƙungiyoyi na cikin abin da ake lissafi da shi. Waɗanda aka ɗora a sama tun Agusta suka zauna daram, Auburn ta rasa hanyar wuce su. USC ta lallasa Oklahoma da ci 55 da 19, Auburn kuma ta ƙare da nasara 13 ba shan kaye, ba ta taɓa samun damar gwada ƙarfinta da zakarar ba. Bayan wannan kakar AP ya hana a ci gaba da amfani da jerinsa wajen zaɓen masu buga wasan ƙarshe.

Kuskuren kan faru ta ɗaya ɓangaren ma. A 2012 an sa USC a matsayi na ɗaya, ta ƙare da nasara 7 da shan kaye 6, ba ta ma cikin 25 ɗin. A 2024 Florida State ta fara a na 10, ta ci wasa 2 kawai cikin 12. A shekarar ce kuma 'yan jaridar rukunin Big 12 suka yi hasashen Arizona State za ta zo ta ƙarshe cikin ƙungiyoyi 16, sai ga ta ta ɗauki kofin rukunin. Indiana, wadda aka sa ta 17 cikin 18 a rukunin Big Ten, ta ci wasa 11 ta shiga gasar fitar da zakara.

Masu kare jerin suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Sau da yawa zakaran yana fitowa ne daga saman jerin. Georgia ta fara 2021 a na biyar, ta fara 2022 a na uku, ta kuma lashe kofin duka shekarun biyu. Michigan a 2023 da Ohio State a 2024 duk sun fara a na biyu. Jami'o'in da suka fi kuɗi, suka fi ɗaukar fitattun yara daga sakandare, su ne suka fi yawan nasara, wannan ba boyayyen abu ba ne. Sai dai gane cewa Georgia ko Ohio State na da ƙarfi ba ya buƙatar wani dogon bincike. Inda ake buƙatar idon masani shi ne gano wanda zai taso daga ƙasa, kuma a nan ne jerin ya fi yin tuntuɓe.

Dalilin a fili yake. Mai kaɗa ƙuri'a a Agusta yana dogara ne da abu uku: sakamakon bara, sunan makaranta, da yawan taurarin da kamfanonin tantance 'yan sakandare suka bai wa yaran da ta ɗauka. Babu ɗaya cikin ukun da ke auna yaron da ya yi shekara biyu a benci yana koyo, ko wanda jikinsa bai gama girma ba sai da ya kai shekara 20.

Hausawa na cewa raina kama ka ga gayya. Baker Mayfield ya shiga ƙungiyar Texas Tech a 2013 ba tare da tallafin karatu na 'yan wasa ba, ya koma Oklahoma a haka, ya ci kyautar Heisman ta gwarzon shekara a 2017, sannan aka ɗauke shi na farko a zaɓen NFL na 2018. Josh Allen ya gama sakandare babu wata babbar jami'a da ta ba shi gurbi, sai da ya bi ta ƙaramar kwalejin Reedley kafin Wyoming ta karɓe shi. Shi ne gwarzon NFL na kakar 2024. Joe Burrow ya bar Ohio State saboda bai samu gurbin farawa ba, ya je LSU, a 2019 ya jefa ƙwallon da aka ci maki da ita sau 60, ya haɗa Heisman da kofin ƙasa. Max Duggan na TCU ya fara kakar 2022 a benci. Wanda aka fifita a kansa ya ji rauni a wasan farko, Duggan ya karɓi ragama ya kai ƙungiyar da ba ta cikin 25 har wasan ƙarshe, ya kuma zo na biyu a takarar Heisman. Ko ɗan Najeriya Christian Okoye, haifaffen Enugu, jifan faifai ne ya kai shi ƙaramar jami'ar Azusa Pacific. A can ya koyi wasan, kuma a 1989 babu wanda ya fi shi gudu da ƙwallo a duk NFL.

Wani zai ce ai an gyara, tunda daga 2014 kwamiti ne ke zaɓen ƙungiyoyin da za su fafata neman kofi, ba ya fitar da nasa jerin sai kaka ta yi nisa, kuma a 2024 an faɗaɗa gurabe daga 4 zuwa 12. An samu ci gaba, amma lambar Agusta ba ta daina aiki ba. Ita ce gidajen talabijin ke mannawa kusa da sunan ƙungiya, ita ce ke sa a kira wasa babba. Wanda ya doke ƙungiya ta 10 a Satumba yana ci gaba da cin moriyar wannan nasara a bakin masu sharhi, ko da daga baya ta bayyana ƙungiyar ba ta da komai. 'Yan kwamitin ma mutane ne, suna jin abin da kowa ke ji.

Yanzu kuma kuɗi ya shigo. Tun Yulin 2021 'yan wasan jami'a na iya karɓar kuɗi ta hanyar tallata kaya da sunansu, kuma sulhun da kotu ta amince da shi a 2025 ya bai wa jami'o'i damar biyan su kai tsaye. Wanda aka ambata a Agusta shi ne kamfanoni ke bi. Sulhun ya kuma zo da iyakar 'yan wasa 105 ga kowace ƙungiyar da ta shiga tsarin, alhali manyan ƙungiyoyi sun saba riƙe fiye da haka. Guraben da za su fara ɓacewa su ne na yaran da ke kawo kansu ba tare da gayyata ba. Ta wannan ƙofar Mayfield ya shiga, ta nan kuma Stetson Bennett ya shiga Georgia kafin ya jagorance ta zuwa kofi biyu a jere.

Shawararmu uku ce. Na farko, AP da masu horarwa su jinkirta jerinsu na farko zuwa farkon Oktoba, bayan kowace ƙungiya ta buga wasa huɗu ko biyar. Na biyu, idan har kasuwa ba za ta bari a jinkirta ba, masu ƙuri'a su riƙa sake lissafi daga tushe kowane mako, kada su tsaya matsar da sunayen Agusta sama da ƙasa. Na uku, hukumar NCAA da manyan rukunoni su ware gurabe na dindindin ga yaran da ba a gayyata ba, don kada ƙofar ta rufe gaba ɗaya.

Ga mai karatu da ke bin wasan ta waya, jerin Agusta hasashe ne, a ɗauke shi a haka. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin yana farawa ne ranar da aka busa usur.