RIJISTAR MASU JIRA A ASIBITI AMANA CE

Da zarar an ambaci asibiti, sai hankalin 'yan'uwa ya tafi ga likita da wuƙar tiyata. Ba a cika tuna ma'aikacin nan da ke zaune gaban rijista ko kwamfuta ba, wanda ke rubuta wa za a gani gobe, wa kuma zai jira wata uku. Alhali sau da yawa ran mara lafiya a hannunsa yake.

Abin da ya faru a Amurka a shekarar 2014 ya isa misali. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta kafa ƙa'idar cewa mara lafiya ya ga likita cikin kwana 14, aka kuma sa cika wannan ƙa'ida cikin ma'aunin ba manyan asibiti ladan kuɗi. Masu zuwa suna ta ƙaruwa, likitoci ba su wadata ba. To, me ake tsammani? A asibitin birnin Finiks, jihar Arizona, sai aka riƙa ajiye sunaye a takardun gefe, ba a shigar da su rijistar hukuma, don lissafi ya fito fes a idon na sama.

Da asiri ya tonu, binciken babban sufeton ma'aikatar a watan Mayu ya gano mutum wajen 1,700 suna jira, amma babu sunansu a rijista. Cikin mutum 226 da aka duba, asibitin ya ce matsakaicin jiransu kimanin kwana 24 ne, ashe kwana 115 ne! Wasu sun mutu suna jira, ko da yake binciken bai tabbatar da cewa jinkirin ne ya kashe su ba. Ranar 30 ga watan, sakataren ma'aikatar, Eric Shinseki, ya yi murabus.

Wani zai ce laifin ƙananan ma'aikata ne. Ai kuwa suna da nasu kason, don wanda ya rubuta ƙarya da hannunsa ba shi da uzuri. Amma babban laifi yana kan wanda ya ɗora musu adadin kwanaki bai ba su likitoci ba, sannan ya ce albarkar aljihunsa tana rataye da adadin. Wannan ai gayyatar ha'inci ce ƙiri-ƙiri.

Rijista ɗaya tak ya kamata a samu. A rubuta sunan mutum ranar da ya nema, ba ranar da aka samo masa gurbi ba. A jera mutane bisa tsananin ciwo, ba bisa sanayya ba, a kuma riƙa komawa kan jerin, domin wanda ke da sauƙi jiya yana iya rikicewa yau. In asibiti ya cika, a tura na kan layi wani wuri. Majalisar Amurka ba ta buɗe wannan ƙofa sosai ba sai a Agustan 2014, inda ta ba wanda jiransa ya wuce kwana 30 damar ganin likitan waje.