Gorar Roba a Matsayin Tubali: Shawara ga Mutanen Badarawa

Duk wanda ya ratsa Badarawa da damina, ya nufi Malali ko Unguwar Dosa, ba sai an gaya masa abin da ke toshe lambatu ba. Gorunan roba ne na ruwa da na lemo, waɗanda ba sa ruɓewa, in kuwa an cinna musu wuta hayaƙinsu ya addabi maƙwabta.

Abin mamaki shi ne, ba nisa da Kaduna aka gwada maganin wannan. A shekarar 1911 babu wanda zai yi mafarkinsa, amma a 2011 ƙungiyar DARE, ƙarƙashin Yahaya Ahmed, ta gina gida a ƙauyen Sabon Yelwa da goruna kimanin 14,000, bisa dabarar wani Bajamushe, Andreas Froese, wanda ya fara ta a Honduras. Ana ɗura wa gora yashi a danna shi sosai, a jera su kwance, a ɗaure wuyansu da igiya, sa'an nan a haɗe su da laka ko siminti. Lalle magini Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin tubalin da kakanninsa suka gina Kano da Zariya da shi ma ba mai kusurwa huɗu ba ne, mulmulalle ne, laka ke riƙe shi.

To, me ya hana abin yaɗuwa? Ba ƙarfin gini ba ne kaɗai ake shakka, har da gudun abin faɗa. Magidanci ya gwammace ya shekara goma yana tara bulo da a ce ya kai amarya ɗakin shara. Bugu da ƙari, ɗurin goruna aiki ne mai cin lokaci, yashi kuma saye ake yi, kuma dole a yi yaɓe, don rana na cinye roba. Ledar ruwa, wadda ta fi komai cika kwata, ba ta shiga wannan gini ko kusa.

Saboda haka kuskure ne a fara da ɗakin kwana. Kamata ya yi masu unguwa su fara da katangar makaranta da makewayi da dakalin zama, inda kowa zai gani ya taɓa, matasa kuma a biya su ladan ɗuri. Sashen gine-gine na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ya auna nauyin da irin wannan bango ke iya ɗauka, ya bayyana sakamakon da Hausa, yadda magina za su karanta.