RA'AYINMU: Sassaƙe Yana Gyara Jiki, Amma Ba Ya Maye Gurbin Lamba

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, duk wanda ke cin kasuwar dabbobi ya san masu tallar garin magani da lasifika, waɗanda ke cewa ƙulli ɗaya yana ƙara garkuwar jiki, ya kare mutum da garkensa daga kowace cuta. Da abin ya tsaya ga ciniki, da ba mu ce uffan ba. To amma yau ana samun mai garken da zai sayi ƙullin, sannan in masu lamba sun zo ya kora bisashensa daji, wai ya riga ya yi rigakafi. Wannan shi ne ya sa muka ga wajibi ne mu yi magana.

Ba mu raina ilimin iyayenmu ba. 'Ya'yan gawo suna riƙe saniya da rani sa'ad da ciyawa ta ƙare. Ganyen zogale abinci ne mai gina jikin yaro da mai shayarwa. Kanwa da gishiri su ne ke kai makiyaya Ingal a ƙarshen kowace damina. Dakashin da ɗan maraƙi ke sha ranar haihuwarsa shi ne garkuwarsa ta farko. Dabbar da ta ƙoshi, aka raba ta da tsutsar ciki da kaska, ta fi ramammiya jure ciwo, wannan babu gardama.

Sai dai ƙoshi daban, rigakafi daban. Lamba ƙwayar cuta ce da aka raunana ko aka kashe, a sa wa jiki don ya gane abokin gabarsa tun kafin ya zo. Babu sassaƙe ko saiwar da ke koya wa jini gane ciwon huhu ko saifa ko harbin daji.

A tuna da bushiya. Wajen 1890 ta share garkunan ƙasashenmu, alhali maɗaci da bagaruwa suna nan tsaye, masana itatuwa kuma sun fi na yau yawa. A 1962 aka soma gangamin lamba na haɗin gwiwa tsakanin Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru. Da aka yi sakaci, cutar ta dawo a farkon shekarun 1980, ta talauta gidaje masu yawa. Da aka dage, a 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Allura ce ta yi wannan aiki, da izinin Allah.

Akwai kuma haɗari a ƙullin da ba shi da suna, ba awo, ba ranar lalacewa. Wasu marasa tsoron Allah sukan cuɗa garin da ƙwayoyin Bature masu kumbura jiki, mai sha ya ga kamar ya yi ƙiba, alhali irin waɗannan ƙwayoyi raunana garkuwar jiki suke yi. Shi ma falke ya sani, sa ɗaya mai ciwon huhu ya isa ya shafa wa duk ayarin da aka loda.

Saboda haka muna kira ga makiyaya su kai shanu lambar ciwon huhu kowace shekara, domin ƙarfinta ba ya daɗewa, su kuma kai awaki da tumaki tasu lambar. Mata da yara su ma a kai su rigakafi a asibiti.

Hukuma kuwa, haƙƙinmu ne ta kawo masu lamba bakin rijiyoyi da burtali a lokacin da garke ke kusa, da magani mai sanyinsa, ba sai mun yi nisa da mashekari ba. Ta binciki abin da ake sayarwa a kasuwanni, ta kuma hana sare gawo a makiyaya, tun da shi ne rumbunmu na rani.

Allah Ya kiyaye dukiya da masu ita, amin.