Tafkin Ninkaya: Maganin Da Ke Ɗaure Magani

A wannan mako zancenmu zai koma kan tafkunan ninkaya na otal-otal, waɗanda yanzu 'ya'yanmu ke tururuwa cikinsu duk ranar hutu, musamman in bazara ta kankama.

Watan jiya na sauka a wani otal a Ikko. Da sassafe na iske yaron da ke lura da tafkin yana jefa waɗansu fararen dunƙule masu kama da sabulu cikin wani ɗan kwando mai yawo bisa ruwa. Na ce, "Samari, mene ne wannan?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, kulorin ne. Kullum ina ƙarawa, ina awo yana nuna daidai, amma gansakuka ta ƙi barin bango, yara kuma na kukan ido." Na tambaye shi yaushe rabon da a zubar da ruwan a sake wani. Ya ce tun da ya kama aiki, shekara biyu ke nan, ciko kawai ake yi. Nan na gane inda gizo ke saƙar.

Kulorin shi ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, amma ba ya jimirin rana. In ba shi da kariya, hasken tsakar rana irin tamu kan cinye mafi yawansa cikin 'yan sa'o'i. Don haka masana suka haɗa shi da wani sinadari mai suna sayanurik, wanda ke riƙe shi kamar laima, yana sakinsa kaɗan-kaɗan. Dunƙulen nan da yaron ke jefawa, fiye da rabin nauyinsa sayanurik ne. Duk miligiram 10 na kulorin da ya ba ruwa, yakan bar wajen miligiram 6 na sayanurik.

To, ga inda matsalar take. Kulorin yana aikinsa ya ƙare. Shi kuwa sayanurik ba ya bin tururi, matatar tafki kuma ba ta kama shi. Rana ta ɗebe ruwa, a ciko da sabo, shi yana nan daram, gobe a ƙara masa wani. Abin da ake so shi ne miligiram 30 zuwa 50 a kowace lita. In ya haura 100, sai laimar ta zama mari: kulorin na cikin ruwa, kwalbar awo na nuna shi, amma ɗan abin da ke sake don yaƙar cuta bai taka kara ya karya ba. Mai lura da tafki ya ga ruwa na kore, ya ƙara dunƙule, ya ƙara ɗaure maganin da hannunsa bai sani ba.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen kyan ruwa kawai ake yi. Akwai wata ƙwayar cuta mai sa gudawa, kiriftosforidiyam, wadda kan rayu fiye da kwana 7 ko a ruwan da kulorinsa ya cika. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa in mai gudawa ya ɓata tafki, sai an ɗaga kulorin zuwa miligiram 20 a lita har kusan awa 13 kafin ta mutu. In akwai sayanurik ko da bai wuce miligiram 15 ba, sai awa 28. In ya wuce haka, sai an rage shi tukuna. Hukumar ta kuma ce tafki mai sayanurik kada kulorinsa ya gaza miligiram 2 a lita, ma'aunin tsaminsa kuwa, watau pH, kada ya wuce 7.8. Warin nan mai hawa kai da jan ido da yara ke kuka da su, galibi haɗuwar kulorin ce da gumi da fitsari, alamar cewa magani ya gaza.

Magani guda ne tabbatacce: a zubar da wani kaso na ruwan a zuba sabo. In awo ya nuna 100, a zubar da rabi ya dawo 50. Daga nan a riƙa hutar da dunƙulen, a koma wa kulorin na ruwa ko irin garin kulorin da ba shi da sayanurik. Sai dai a kiyaye, kada a kuskura a haɗa garin da dunƙulen a mazubi ɗaya, don suna iya kama wuta su fitar da hayaƙi mai guba.

Na yi wa manajan otal ɗin wannan bayani. Ya saurare ni da ladabi, sa'an nan ya lissafa mini kuɗin tankokin ruwa da na man janareta. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, ruwa tsada gare shi. Amma da na nemi ganin kayan awon sayanurik, sai ya zamana ba su taɓa sayen su ba, alhali kuɗinsu bai kai na kwana ɗaya a ɗakin da na sauka ba. Da yamma na leƙo ta taga, na ƙirga yara 14 a cikin ruwan.