Me ya sa rufe iyaka bai tanƙwara sojojin Nijar ba?

Idan mai karatu bai manta ba, ranar 26 ga Yulin 2023 ne dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa a Yamai, ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani, suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Bayan kwana huɗu sai shugabannin ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira CEDEAO, suka hallara a Abuja suka ba sojojin wa'adin mako guda su mayar da shi kan kujerarsa. Aka rufe iyakoki, aka dakatar da hada-hadar kuɗi, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take bai wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke amfani da ita.

Mu da abincinmu ke tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, ko Kamba da Gaya, ba sai an ba mu labarin abin da ya biyo baya ba. Manyan motoci sun yi jerin gwano a bakin iyaka, albasa ta ruɓe a cikin buhu, bashi ya taru a wuyan 'yan kasuwa. Amma da aka janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Bazoum na nan a tsare, sojoji kuma na nan daram. To, ina lissafin ya kuskure?

Masu ƙaƙaba takunkumi suna tafiya ne a kan wani tunani mai sauƙi: a matsa wa talaka, shi kuma zai matsa wa mai mulki har ya sauka. Tun a 1967 wani masani ɗan ƙasar Norway, Johan Galtung, ya nuna raunin wannan tunani, bayan ya nazarci takunkumin da aka sa wa Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yanzu, lokacin da Turawa 'yan tsiraru ƙarƙashin Ian Smith suka ayyana 'yancin kai a 1965. Abin da ya gano shi ne, wahalar da ta zo daga waje ta ƙara haɗa kan Turawan nan ne a bayan Smith, wanda ya ci gaba da mulki har 1979.

A 1970 kuma wani Ba'amurke, John Mueller, ya nuna cewa farin jinin shugabannin Amurka kan ƙaru a duk lokacin da ƙasar ta shiga babban rikici da wata ƙasa. An ga haka bayan harin 11 ga Satumban 2001, inda goyon bayan George Bush ya tashi daga kusan kashi 50 zuwa kashi 90 cikin 100. Ga wanda ya yi karatun zaure ma wannan ba baƙon zance ba ne, domin Ibn Khaldun ya daɗe da yin bayanin asabiyya, wato ƙarfin zumuncin da ke sa jama'a su dunƙule idan an taɓa ɗayansu.

Irin wannan ne ya faru a Yamai. Ranar 6 ga Agustan 2023, ranar da wa'adin ya cika, dubun dubatar mutane suka cika filin wasa na Seyni Kountché suna goyon bayan sojoji. Mutumin da wuta ta ɗauke masa, magani ya yi masa tsada, bai tsaya tambayar wanda ya fara jawo rikicin ba, hannun da ya rufe ƙofa ya gani. Da yake Faransa ta fito fili tana mara wa matakan ECOWAS baya, sai ya zo wa sojoji da sauƙi su ce tsohuwar uwargijiya ce ke kitsa komai. Nan take muhawara ta tashi daga batun halaccin juyin mulki ta koma batun mutuncin ƙasa.

Akwai kuma abin da aka manta da shi a zauren taron Abuja. Iyakar nan mai tsawon kilomita kusan 1,500 ta ratsa ne ta tsakiyar dangi, har Sarkin Maraɗi ma sarautar Katsina yake riƙe da ita. Saboda haka matsin ya juyo gida. Sanatocin Arewa suka fito suka ƙi amincewa da yaƙi, Majalisar Dattawa ta nemi a bi hanyar sulhu, kuma waɗanda Tiani ya yarda ya gana da su a farkon rikicin sun haɗa da Muhammadu Sanusi na biyu da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau. Inda barazanar bindiga ta kasa buɗe ƙofa, rawani da malanta suka buɗe.

Kada a ɗauka muna cewa matsin waje ba ya taɓa yin tasiri. A Janairun 2017 Yahya Jammeh ya bar Gambiya bayan dakarun ECOWAS sun tsallaka iyakarta. Bambancin shi ne, mutanen Gambiya da kansu ne suka kayar da shi a zaɓen Disamban 2016, ƙarfin waje ya zo ne ya tabbatar da hukuncin da suka riga suka yanke.

Haka nan kada a ɗauka taron filin wasa shi ne ra'ayin ƙasa baki ɗaya, ko kuma irin wannan goyon baya yana dawwama. Bush ɗin da ya kai kashi 90, kafin ya sauka sai da ya faɗo ƙasa da kashi 30. Idan hayaniya ta lafa, talaka kan koma ga tambayoyinsa na asali: tsaro, farashin gero da aikin yi. Shi ya sa mai mulkin da ya ɗanɗana daɗin samun abokin gaba a waje ba ya son rabuwa da shi. Bayan an janye takunkumi, gwamnatin Yamai ce da kanta ta ƙi buɗe iyakarta da Benin bisa dalilin tsaro, kayan da ke bi ta Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin dako ya hau kan mai saye. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS.

Mu dai mun sha wannan har sau biyu a cikin shekara biyar, idan aka haɗa da rufewar da gwamnatin Buhari ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A duka biyun, ba wanda ya sa hannu a takarda ne ya yi asarar jarinsa ba. Don haka ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa na ɓangarorin biyu su riƙa zama tare tun lafiya na nan, su kasance da murya ɗaya da za su kai wa sarakuna, malamai da 'yan majalisa da zarar an fara cacar baki tsakanin Abuja da Yamai. Kuma duk wanda ya kira mu gangami da sunan kishin ƙasa, daga kowane ɓangare yake, mu tambaye shi wa zai ɗauki asarar idan ƙofa ta sake rufewa. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.